Mutumin da Ba Ya Duba Jiƙaƙƙiyar Mota

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe gareji. Ya share ƙasa, ya jera gwangwanayen fenti, sannan ya fito da kujerarsa bakin ƙofa, inda rana ke fara sauka. Shekara talatin da huɗu ke nan Baba Mai Fenti yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin idonsa ya fara gaza bambance launi.

Bencin garejinsa majalisar masu son mota ce. Wani ya ce fara ba ta ɗaukar zafi, wani ya ce baƙa ce motar manya, wani kuma ya ce ruwan toka ce ke rufa wa malalaci asiri, tun da ba ta nuna datti. Baba ba ya sa baki. In an matsa masa, sai ya ce, "Ni mai fenti ne, kowanne da kyau."

Ba fenti kaɗai ke kawo mutane wurinsa ba. Mai shirin sayen mota ta hannu, shi yake fara kai wa. Ƙa'idarsa biyu: ba ya duba mota a inuwa, ba ya duba ta a jiƙe. Ruwa, in ji shi, yana sa tsohon fenti da sabo su zama ɗaya. Kayan aikinsa mayen ƙarfe ne naɗe a tsumma. Yana bin jikin mota da shi, inda ya ƙi kamawa, to ciko ne a ƙarƙashi, ba ƙarfe ba.

Bara wata ma'aikaciyar jinya ta zo da jar mota da take son saya don kai 'ya'yanta uku makaranta. Dillalin da ya rako ta ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Motar sai ɗigar ruwa take, sabon wanki.

Dillalin ya ce, "Yaya, duba mana da sauri, Malama za ta koma aiki."

"Ta bushe tukuna."

"Haba Yaya! Motar da ko ƙwarzane babu? Ni zan cuce ta?"

"Ban ce ba. Ba Malama kujera."

Mai waldan da ke maƙwabtaka da garejin, wanda ya ba ni labarin, ya ce minti arba'in aka yi ana jira. Da motar ta bushe, sai ga jan gaba daban, na baya daban. A ginshiƙin ƙofa mayen ƙarfen ya faɗi ƙasa. Baba ya ɗaga shimfiɗar cikin motar, ya nuna wa matar layin walda daga gefe zuwa gefe.

"Malama, motoci biyu ne aka haɗa. Ranar da aka buge ta, nan za ta rabe, daidai inda yara ke ajiye ƙafa."

Ƙanen ya ce, "A gaban mutane za ka tozarta ni?"

"Da ka kawo ta kafin ka saya, da a ɗaki zan gaya maka."

Matar ta ɗauki jakarta ta tafi. Tun ranar ƙanen bai sake taka garejin ba, ko gaisuwa ya daina.

Baba, kai ne ka san abin da maganar za ta jawo maka, ka kuma faɗe ta. Yara uku da ba su san ka ba suna zuwa makaranta a wata motar daban, wadda ka duba ka amince da ita. Mun gode. Masu sana'ar da ake neman shaidarsu, ga wanda za ku yi koyi da shi.

Makon jiya wani mai saye ya tsayar da farar mota a ƙofar garejin, duk ta yi datti. Mai walda ya tambaye shi me ya hana shi wanke ta. Ya ce dillalin nan, ƙanen Baba, shi ne ya turo shi: "Ya ce in kai wa Yayansa, kuma kada in bari ruwa ya taɓa ta."

Baba ya tashi ya ɗauko tsummansa mai mayen ƙarfe.