Yaƙin da Na Hana a Bakin Kanal

Karatuna na boko a aji uku ya tsaya, amma na zama masanin tarihi tun ranar da jikata ta manta littafinta a ɗakina. Da yatsa na bi shi, har na gano cewa duk yaƙin duniyar nan, maƙwabta ne suka fara daina gaisawa.

A kwanakin ne maƙwabcin gonata ya koma amsa sallamata da ɗaga hannu kawai. Ga tumatirina yana fure, ruwan kanal kuma ta gonarsa yake biyowa. In ya toshe, na kaɗe.

Na sayi goro, na same shi a gindin mangwaro, na fara jawabin sulhu irin na sarakuna.

Ya dafe kunci ya ce, "Malam, ciwon haƙori ne ya hana ni magana. Shi ne ka kawo min goro?"

Na zauna na cinye abina yana hararata. Da yamma shi da kansa ya sako min ruwa. Allah ya yafe min, ban taɓa jin daɗin ciwon wani kamar na ranar ba.