Takalmin da Wakili Ya Taka

A Tozai, idan aka ambaci Muntaka sai a tambaya wanne, amma idan aka ce Muntaka mai gudu, an gama bayani. Shi ne ƙarami a gidan marigayi Malam Amiru, manomin gero da dawa, wanda ya rasu ya bar ragamar gida a hannun babban ɗansa. Wannan babban ɗa shi ake kira Wakili, saboda shi ke tsaya wa dangi a ƙofar mai gari.

Tun Muntaka yana ƙarami ƙafarsa ba ta san tafiya a hankali ba. Da gudu yake zuwa rijiya, da gudu yake koro awaki, a farautar rani kuwa shi kaɗai karnuka ba sa bari a baya. Ya yi firamare a Isa, ya yi wa makarantarsu tsere har malamansa suka so ya wuce gaba, amma gona ta kira shi ya koma. Ya auri Larai, suka haihu, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, bai daina ba. Kullum bayan asuba sai ya zaga bayan gari da takalminsa na taya kafin ya ɗauki hauya. Masu fitowa daga masallaci su bi shi da ba'a: "Muntaka, wa ya biyo ka?"

Dariyar ta tsaya a shekarun da rashin tsaro ya kankama, lokacin da layukan waya suka ɗauke, babura kuma suka yi wuya. Idan mace ta daɗe tana naƙuda, ko maciji ya sari manomi, ko maganin wani tsoho ya ƙare, ƙofar Muntaka ake bugawa. Mutum ɗaya a ƙafa ba ya jan ido kamar babur, shi kuma ya san kowace turba da ta ratsa gonaki zuwa Isa. Yakan fara da yashi da kututturen kara, ya hau burji mai tsakuwa, ya ƙarasa a kan kwalta. Ya je ya dawo da magani ko da saƙo, a ce masa sannu, wani lokaci ko sannun ma a manta. Ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya dubi abin da ke ƙafarsa.

Dunduniyarsa ta dama ce ta fara ƙorafi. Da safe, idan ya sauko daga gado, sai ya ji kamar ya taka ƙusa. Ya daure har ɗingishi ya bayyana, sannan ya nuna wa Mardiyya, ma'aikaciyar lafiya a Isa wadda ta saba karɓar saƙonni daga hannunsa. Ta danna wurin, ya zabura. Ta ɗaga takalmin tayar da yatsu biyu ta dube shi kamar mushe.

"Da wanga kake taka kwalta? Muntaka, ƙafarka ba ta jaki ba ce. In ba ka samu kambas mai kaurin soso ba, gudu kaɗan ne daga abin da za ka rasa. Ko kunya ɗaya ba za ka iya nomewa ba."

Maganar noman ce ta shige shi. Gudu sha'awa ne da taimako, amma gona ita ce tuwon 'ya'yansa. Mardiyya ta ƙara masa da gargaɗi: kada ya yanki kara daidai tsawon ƙafarsa ya aika a sayo masa, kamar yadda aka saba, ya je da ƙafarsa, kuma da rana, lokacin da ta ɗan kumbura. Sama da komai ya lura da bayan takalmin, wurin da ke riƙe dunduniya, domin idan wurin ba shi da ƙarfi, soson banza ne.

Ya sayar da akuyarsa, ranar kasuwa ya shiga mota zuwa Sabon Birni. A layin 'yan gwanjo ya tsaya gaban Shafi'u, wanda ya zube takalma a kan buhu kamar tarin dankali. Shafi'u ya miƙo masa wani fari mai sheƙi.

"Ga na manya, Alhaji. Sa wanga ka shiga biki, ango ma sai ya tashi ya ba ka wuri."

"Ba biki za ni ba. Juya min ƙasansa."

Ƙasan sumul yake, irin wanda zai yi daɗi a kwalta ya zame a yashi. Ya ajiye. Na biyu yana da haƙora manya kamar tayar tarakta, amma da ya danna tafinsa sai ya ji shi kamar katako. Ya yi ta tono har rana ta karkata, Shafi'u yana ta mita cewa ko mai neman aure bai kai shi bincike ba. Can ƙasan tarin ya ciro wani ruwan toka, marar kyan gani, mai soso kauri kamar yankan burodi. Ya danna da babban yatsa, soson ya lotsa ya dawo. Haƙoran ƙasan matsakaita ne, za su kama burji ba tare da sun dame shi a kwalta ba, kaurin kuma ya fi ƙarfin ƙayar aduwa. Ya matsa bayan da yatsu, ya ji shi tsaye ƙyam. Ya sa, ya ɗaure igiya, ya ga akwai sauran wuri gaban yatsunsa. Sai ya ruga har ƙarshen layin masu tukwane ya dawo, 'yan kasuwa suna leƙe ko ɓarawo aka biyo. A karo na farko cikin watanni, ƙusar nan ba ta soke shi ba.

Ya more shi na ɗan lokaci. Ciwon ya fara lafawa, ɗingishin ya ragu, Larai ma ta lura ya daina cije baki da safe.

To, a gidan Malam Amiru, kamar sauran gidajen garin, takalmin da aka tuɓe a bakin zaure na kowa ne. Mai zuwa alwala ko bayan gida yakan zura ƙafa a wanda ya fi kusa. Idan kuma mai rufi ne, ba wanda ke da lokacin kwance igiya. Take bayan ake yi a mayar da shi silifas. Haka ake yi wa takalmin makaranta da na Sallah, ba a taɓa ɗaukar hakan laifi ba.

Wata azahar Muntaka ya tuɓe kambas ɗinsa ya shiga zaure gaida baƙi. Da ya fito, babu shi. Sai ga Wakili ya ɓullo daga bayan gida da buta a hannu, mutum mai jiki, yana jan takalmin a ƙasa, ya take bayan da dukan nauyinsa har ya kwanta. Ruwan alwala ya jiƙa soson.

Da ƙyar Muntaka ya ce, "Yaya, takalmina ne."

"Na sani. Kai, akwai taushi! Ashe abin da kake ɓoyo ke nan." Wakili ya fizge ƙafarsa ya tura masa su. "Ga kayanka nan, ba cinye su na yi ba."

Muntaka ya ɗaga bayan da yatsa, ya sake shi, ya faɗi. Abin da ke ciki mai ƙarfin nan ya karye. Akuya guda, da yini guda a rana, da lafiyar ƙafarsa, duk an take su a tafiyar da ba ta wuce daga zaure zuwa bayan gida ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu wanda ya ga an yi wani abu. Baƙin suka ci gaba da hira. Da ya kai wa Larai kukansa, abin da ta ce kawai shi ne, "Yayanka ne, ka yi haƙuri." Haƙuri! Shi ne ƙaramin gida, saboda haka bakinsa a ɗaure yake, ƙafarsa kuma ta gari ce.

Ya haƙura, haƙurin nan kuma shi ya cuce shi. Ana gab da girbin gero aka buga masa ƙofa a kan wata tsohuwa da numfashinta ke sarƙewa. Ya ɗaure igiyar iya ƙarfinsa ya kama hanya. Dunduniyar ta yi ta zamewa tana fita, yashi yana shiga, a kan burji kuma ƙafar ta gurɗe ya sauka a kan dutse da wurin ciwon. Ya kai saƙon da jan ƙafa, amma a amalanken shanu aka dawo da shi. Mardiyya ba ta yi masa faɗa ba. Ta dubi bayan takalmin, ta dube shi, ta girgiza kai.

A kan tabarma ya yi kakar wannan shekarar. Yana kwance yana jin muryoyin masu ɗaurin dami, geronsa kuma yana tsaye tsuntsaye suna ci, sai da Larai da 'yan'uwanta suka shiga suka tsamo abin da ya saura. Wakili ya leƙo sau ɗaya ya ce, "Ai na daɗe ina faɗin gudun nan ba na mai iyali ba ne." Muntaka ya juya fuskarsa bango don kada bakinsa ya yi abin da ba a gyarawa.

Da ya fara takawa, ya kai takalmin wurin baduku a Isa, aka ɗinka masa fata mai tauri a bayan. Bai koma kamar da ba, amma ya riƙe dunduniya. Daga ranar bai sake ajiye shi a bakin ƙofar kowa ba. Yakan ƙulla igiyoyin ya rataya a wuya, ko zaure zai shiga ko masallaci. Aka sami sabon abin dariya, ana cewa Muntaka ya yi laya da takalmi.

Ranar sunan wani jikan gidan, zaure cike da dattawa, Wakili ya miƙe da butarsa, ya duba bakin ƙofa, sannan ya miƙo hannu ba tare da ya dubi ƙanensa ba.

"Sauko min da kambas ɗin nan in zaga."

"A'a, Yaya."

Wakili ya juyo a hankali. "Mi ka ce?"

"Na ce a'a. Ka taka shi sau ɗaya, na rasa kaka guda. In ka sake, gonar za ni rasa, kuma ba kai za ka ciyar min da ɗiya ba. Ga na taya can bakin ƙofa, ba shi da bayan da za a karya."

Wani dattijo ya yi salati. Wani ya ce a kan takalmi, takalmi kawai, yaro zai tozarta yayansa a gaban mutane. Muntaka, da furfurarsa, bai sauke takalmin ba. Hannunsa yana kan igiyar da ke wuyansa. Wakili ya fita ba takalmi a kan ƙasa mai zafi, don kowa ya gani.

Har rani ya shigo Wakili bai amsa gaisuwarsa ba, kuma har yanzu akwai gidajen da ake kiran Muntaka marar kunya. Su ɗin ne dai ke buga masa ƙofa idan ta ɓaci. Yana zuwa, amma yanzu sai ya zauna a dakali ya kwance igiya, ya sa ƙafa yadda ya kamata, ya ɗaure, mai aiken yana tsaye yana jira. Da damina ta sauka, shi ya nome gonarsa da ƙafarsa, tun daga kunyar farko har ta ƙarshe.