Yadda aka jawo motar Baba daga Gidar

Ana sallame sallar asuba muka bar Garwa, ni da Yayana, cikin motar Baba. Garin Gidar muka nufa, mu ɗauko Gwaggo ta zo ta yi sallama da wanta, wato Baba, kafin jirgin alhazai ya tashi. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma abu ɗaya ya roƙe mu tun da aka ba shi kujerar hajji: a kai shi filin jirgi cikin motarsa. Baƙa ce, doguwa, ƙirar Jamus, ya saye ta lokacin da cinikin goro ke yi da shi. Otomatik ce, ita ke sauya wa kanta giya. Ni ke kula da ita, ni ke duba jan man da giyarta ke sha, wanda sai a kanti ɗaya ake samunsa a duk garin.

Tafiyar zuwa ba laifi. A Pitowa muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa, mai ƙosan ta tsuga mana kuɗi don ta ga mota mai walƙiya. Jandarmomi kuwa da suka hango mu suka gyara tsayuwa, suna zaton wani babba ne daga Yawunde. Yaya ya ji daɗin wannan ƙwarai, har ya gyara hula. A can Gidar, Gwaggo ta cika mana but ɗin motar da gyaɗa da busasshiyar kuɓewa, kamar Baba zai je buɗe shago ne a Makka.

A dawowa ne abin ya faru. Ba mu yi nisa da garin ba muka tarar ana gyaran hanya, an karkatar da motoci ta cikin tsakuwa. Na ji dutse ya bugi ƙasan motar. Jim kaɗan inji ya shiga ruri, mota kuwa ta ƙi gaba. Na sauka na leƙa, sai ga jan mai yana tsiyaya daga tiyon giya. Ƙaramin ciwo ne. Sabon tiyo da galan ɗin mai, shi ke nan ta tashi.

Wani direban kamiyo, babbar motar ɗaukar auduga, ya tsaya, mutumin kan dutse, da ɗan gicciye a wuyansa da Hausarsa ta kasuwa. Ya ce ba kaya a bayansa, akwai tudun lodi nan kusa, sai mu tura ta sama ya kai mana har ƙofar gida. Na ce Allah ya saka. Yaya ya ce sam.

"Motar Alhaji a bayan kamiyo, a ratsa kasuwar Garwa da ita kamar gawa? Gobe a ce gidanmu ya faɗi. Ɗaura igiya ka ja mu."

Na ce, "Yaya, irin wannan ba a janta. In inji ba ya aiki mai ba ya zagayawa, ga shi ma man ya zube. Ƙarfe zai yi ta cin ƙarfe. In dole sai an ja, bari a samo bakanike ya kwance farfela tukuna."

Farfela ita ce sandar da ke haɗa giya da ƙafafun baya, in an cire ta giya ba ta juyawa. Yaya ya ce ba ɗan bakin titin da zai kwance wa Baba mota. Mutane sun taru, masu rake da masu kallo, shi kuwa ba ya son a ga ƙane na koya masa. Ya dube ni ya ce, "Da ni da kai wa ya riga wani zuwa duniya?" Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Yi shiru mana, yayanka ne." Raina ya ɓaci. Na ce to ni ba zan riƙe sitiyari ba. Ya ce ba sai na riƙe ba, ya shiga ya zauna.

Na hau gaban kamiyo, ina kallonsu ta madubi. Gonakin auduga sun yi fari ƙal hagu da dama, ban ga kyansu ba. Kafin mu kai garin Figil na fara jin ƙauri. Direban ya miƙo mini goro, na kasa tauna shi. Ni da na ƙi barin almajiran gareji su ko jingina da motar nan, ga ni zaune ana niƙa ta a bayana.

Da la'asar muka iso. Baba na zaune a ƙofar zaure. Ya saba gane motarsa da kunne tun daga kwana, ranar sai ya ji kamiyo. Ya taso da sandarsa, ya dafa motar, ya shaƙi iska. Tambaya ɗaya ya yi: "Janta aka yi?" Sai ya juya. Ya kama hannun Gwaggo suka shige ciki.

Washegari bakanikenmu ya kwance kaskon giya. Abin da ya rage na mai ya zama baƙi ƙirin, da garin ƙarfe a ciki. Ya ce sai an aiko da kayan gyara daga Duwala, jirgin ƙasa ya kawo Ngaundare, mota ta ƙaraso da su. Jirgin alhazai ba zai jira wannan ba.

Ranar tafiya, a gaban duk unguwa, Baba ya shiga tasi. Abin da Yaya ya ce yana gudu ke nan, sai ga shi da rana tsaka. Kafin ya shiga ya tsaya gindin darbejiya inda motar take, ya shafa ta, ya kira ni. Ya ce, "Ka rufe ta kada rana ta ci fenti. In na dawo ka zo da ita ka ɗauke ni. In ban dawo ba, kada ka bari a sake janta."

Na rufe ta. Abin da na koya a tafiyar nan shi ne girmama na gaba ba ya hana giya ƙonewa, kuma har yau ban huce ba. Kullum da safe ina zuwa tasha in tambaya ko kayan Duwala sun iso.