Kawu Hamza da Hoton Kwandon Inabi

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina garejin kamfaninmu da ke hanyar Muzdalifa, muna duba tayoyin motocin da za su yi jigilar masu Umara, sai wata baƙuwar lamba ta ƙasar Italiya ta shigo wayata. Mai maganar mutumin Senegal ne, sunansa Mamadu. Larabcinsa na masallaci ne kawai, amma abin da ya kira ya faɗa ba ya buƙatar Larabci mai yawa. Ya ce Hamza ya koma ga Ubangijinsa. Masu yawon ƙafa ne suka tarar da shi zaune, ya jingina da tsohuwar gadar dutse da ke ƙasan ƙauyensu, gwangwanin fentinsa a gefe ko rufewa bai yi ba. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗa, na sake faɗa, sannan na zauna a kan taya.

Kawu Hamza ƙanin mahaifiyata ne, shi ne autansu. A nan unguwar Rusaifa, a ƙasa mai tsarki, aka haife shi, kamar Umma da babban yayansu Kawu Usman, a gidan da kakanmu ya kafa bayan ya zo Hajji daga Kano bai koma ba. Takardun zama ne ba su daidaita masa ba yadda suka daidaita wa 'yan'uwansa. Ya tafi Kano, garin da bai taɓa gani ba, daga can ya bi ta Libiya, ƙarshe ya tsinci kansa a wani ɗan ƙauye a kan tudu a arewacin Italiya, inda ya yi shekara ashirin da wani abu. A gidanmu ba mai iya faɗin sunan garin, sai dai a ce "can wurin Hamza".

A ranar na tafi na kai wa Kawu Usman labarin, domin shi ne babban gida, kuma surukina ne. Al'adarmu a nan, idan an yi rashi ana jera kujeru a ƙofar babban gida kwana uku, daga Magariba zuwa Isha'i, dangin mamaci su zauna a sahu guda mutane suna bi suna yi musu gaisuwa. Wanda ba a jera wa kujeru ba, unguwa duka ta san danginsa sun cire shi. Kawu Usman ya saurare ni har na gama, ya yi salati, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi. Amma ba za a jera kujera a ƙofar gidan nan don mai noman giya ba. Halas, magana ta ƙare."

Na fito ina huci, raina kamar ya fita. Sai dai ban san wa zan yi wa fushin ba, domin sunan nan na mai noman giya, ni na jawo masa shi. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan.

Ni kaɗai ne a danginmu na taɓa zuwa wurinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kamfani ya tura mu sayen kayan gyaran mota a wani birni da ke kusa, na roƙi kwana huɗu na hau jirgin ƙasa na je. Ya tare ni a tasha da takalmin hawan dutse guda biyu a hannu, ya ce in cire na ƙafata, "wannan na zuwa ɗaurin aure ne, ya waladi, ɗana."

Ƙauyen ƙarami ne, gidajen dutse a cunkushe a kan tudu, gonakin inabi sun zagaye shi layi-layi har ƙasan kwari. Mutanen garin da inabin nan suke yin giya, ba zan ɓoye ba. Shi kansa ya gaya mini kaka ɗaya ya yi yana tsinkar inabi a shekarar da ya iso, lokacin ko gaisuwar garin bai iya ba. Da ya gane inda inabin yake ƙarewa, ya ajiye kwandon, ya yi wata da watanni yana share tituna. Daga baya hukumar ƙauyen ta ba shi aikin kula da hanyoyin ƙafa da baƙi suke zuwa bi. Aikinsa ke nan har ya rasu. Yana sare ƙaya, yana sake jera katangar dutse idan ruwa ya zubar da ita, yana shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu don kada masu yawo su ɓata.

Kwana huɗun nan ya gajiyar da ni fiye da aikin ranar Arfa. Ya kai ni wata rusasshiyar hasumiya a ƙololuwar tudu, wadda mutanen zamanin da can suke hangen mahara daga cikinta, inda ake ganin duwatsu masu dusar ƙanƙara can nesa. Ya nuna mini matakala uku da ya gyara da hannunsa, ya sa na nemo su a cikin tsofaffin, na kasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "To aiki ya yi ke nan. Idan an gane inda ka taɓa, ka ɓata." Ya kai ni marmaron da matan garin suke wanki a zamanin kakanninsu, ruwansa sanyi har haƙori, a nan muka yi alwala. Ya ratsa da ni ta wani kurmi na manyan itatuwa masu 'ya'ya a cikin ƙaya, waɗanda ake gasawa a ci kamar gyaɗa. Ina tafe ina kalle-kalle ina tuntuɓe, shi kuma yana gaba yana cewa, "Duba ƙasa. Idan kana son kallon sama, tsaya tukuna."

Akwai wani ɗan ƙaramin coci a bakin kurmin, ya fi kowane gini tsufa a yankin. Shi yake cire ciyawar da ke tsirowa a jikin bangonsa. Na ce, "Kawu, har wannan?" Ya ce, "Bango nake gyarawa don kada ya faɗo wa mai wucewa. Abin da ke ciki tsakaninsu da Allah ne." A duk inda muka tsaya a hanyoyin nan ya san alƙibla ba tare da duba waya ba. A hasumiya ya ce mu fuskanci wani dogon itace, a gada ya ce mu sa rafin a hagu. Ban ga ya jinkirta salla ɗaya ba.

A rana ta ƙarshe muna dawowa muka tarar da wata tsohuwa maƙwabciyarsa tana fama da kwandon inabi a kan gangare. Lokacin kaka ne. Ya karɓa ya ɗora a kafaɗa, ya hawo mata da shi taku kaɗan zuwa bakin hanya. Rana tana bayansa, gonakin sun yi ja, abin ya yi mini kyau, na ɗauki hoto.

Da na dawo, ranar Juma'a muna cin shinkafa a gidan Kawu Usman, wayata tana zagayawa ana kallon hotuna. Kawu Usman ya tsaya a kan hoton kwandon. Ya ce, "Duk wannan inabin me ake yi da shi?" Ni kuma da rawar kaina, ina so a san na ga duniya, na ce, "Giya mana, Kawu. Ai duk garin da ita suke ci." Ya dubi hoton, ya dubi Umma, ya tsame hannunsa daga tire.

Shi ke nan fa. Ba wanda ya tambaye ni wane aiki Kawu Hamza yake yi. An ga kwando a kafaɗa, an ji kalmar giya, aka gama shari'a. Zumar da yake aikowa da man zaitun aka riƙa bayarwa a waje, wai ba a san da me aka saya ba. Kawu Usman ya daina ɗaukar wayarsa, ya hana a sa shi a zauren dangi na waya. Umma kaɗai take kiransa, ita ma a ɓoye, kuma ba ta taɓa iya tambayarsa ba don kunyar abin da za ta ji.

Sau ɗaya na gwada gyarawa. Na ce, "Kawu, ai ba a gonar yake aiki ba." Ya daka mini tsawa, ya ce ko ina so in ƙaryata idonsa ne. Na bar maganar. A lokacin ina neman auren 'yarsa Zainab, an kusa sa rana, ban so in ɓata masa rai. Na ce bayan biki zan yi magana. Bayan biki na ce sai ya huce. Aka haifi ɗanmu na fari, aka haifi na biyu. Wallahi ina jin haushin kaina fiye da yadda nake jin na kowa, domin su ba su sani ba, ni na sani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata waya da Kawu Hamza ya yi mini da ƙaramar Salla. Bayan gaisuwa ya ce, "Ya waladi, me na yi wa Yaya?" Na ce, "Ka san halinsa, Kawu, tsufa ne." Ya ce, "Tayyib, ba komai. Hanya idan ba a bi ta shekara ɗaya rufewa take yi, na gani da idona. Zan ci gaba da kira." Ya kuwa ci gaba, kowace Salla, wayar tana ƙara har ta tsinke. Ya rasu bai san laifin da ake tuhumarsa da shi ba.

Ni na jera kujerun, a ƙofar gidan hayar da nake zaune, ba a babban gida ba. Kowa a Rusaifa ya san ma'anar haka. Daren farko na tsaya a sahu ni da ƙannena biyu. Mutane suka zo, suka yi gaisuwa, suka sha gahawa, wasu suna raɗa da juna. Wani dattijo ma har ya ja ni gefe ya ce, "Allah mai gafara ne, ko me mutum ya yi." Na ce masa, "Me ya yi?" Daga nan duk wanda ya zauna kusa da ni sai na ba shi labarin fentin, da katangar, da alwala a marmaro. Abin da ya kamata in faɗa a kan tiren shinkafa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi na riƙa maimaita wa mutanen da ba su tambaye ni ba. Umma da Zainab ma a cikin gida na zaunar da su na gaya musu komai. Umma ta tashi ta shiga ɗaki.

Ban san abin da ta gaya wa yayanta ba. A rana ta uku, bayan Magariba, sai ga Kawu Usman da sandarsa. Bai shiga sahun dangi ba. Ya zauna a kujerar ƙarshe, wurin baƙi, aka miƙa masa gahawa bai karɓa ba. Da mutane suka ragu ya yafito ni.

Ya ce, "Wa ya yi masa wanka?"

Na ce, "Mamadu da wasu 'yan Maroko biyu, Kawu. An binne shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar birni."

Ya ce, "Ba namu ko ɗaya."

Na ce, "Babu."

Ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce, "Ni hoto na gani. Kai ka je, ka kwana a ɗakinsa, ka yi salla a bayansa. Na yi maka tsawa sau ɗaya, sai ka bar ni da ƙanina a haka shekara goma sha ɗaya?"



Ya Allah, ga bawanKa Hamza ɗan Abubakar ya zo gare Ka daga ƙasar da ba shi da dangi a cikinta. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa wahalar baƙuncinsa ta zama kaffara. Ka saka wa waɗanda suka wanke shi suka sallace shi da alheri. Ka ba Umma haƙurin rashin ƙaninta. Ka sanyaya zuciyar Kawu Usman, kada Ka kama shi da abin da aka ɓoye masa. Ni kuwa, ya Ubangiji, na shaida a gabanKa da gaban duk mai karanta wannan cewa Kawu Hamza da halal ya ci. Na makara da shaidar. Ka karɓe ta, Ka sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya. Amin.