Ladan Mai Zazzage Buhu

Shekara talatin da 'yan kai ina ɗinkin bakin buhu a kasuwar albasa ta Aliero, saboda haka in ana maganar abin da ke cikin buhu, a tambaye ni, ni Bala. Basillata ta rufe asirin mutane da yawa. Yadda ake yi kuwa ba ɓoyayye ba ne: a zuba matsakaita a gindi, a cusa ƙanana da waɗanda suka fara laushi a tsakiya, sannan a zaɓo manya jajaye a jera a baki. Wannan jerin na sama shi muke kira fuska. Ni ma na jera ta ba sau ɗaya ba, kuma ba abin alfahari ba ne.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sa ni na jera masa fuska ba, shi ne Ladan. Mutumin Gumbin Kure ne, can wajen Maiyama. Ya fara zuwa Aliero shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, da jaki ɗaya da albasar gonar mahaifinsa. Ranar farko wani ɗan Jega ya taya, sai Ladan ya kwance buhun ya zazzage shi kaf a kan tabarma, ya ce mutumin ya duba da kyau. Kasuwa ta yi ta dariya, aka ce baƙauye bai san ciniki ba, aka laƙaba masa Ladan Zazzage. Ni na fi kowa jin haushi, don duk buhun da ya zazzage ni ke sake cikawa in ɗinke, in rubuta sunansa a jiki da baƙin fenti.

Bai yi kuɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma masu abinci a Jega sukan aiko direba su ce a kawo musu na Ladan, ko buɗewa ba sa yi. Da haka ya yi aure, ya yi rufin kwano, ya sa 'yarsa Kubura makaranta har ta zama malamar firamare a Maiyama.

Sai ciniki ya koma cikin waya. Mai saye ya daina taka ƙafa ya zo, yana kwance a shagonsa yana murza hotuna a zaurukan Wasaf. Nan na ga ƙazantar da ban taɓa gani ba. Mutum zai shafa wa albasa goma man gyaɗa su yi ƙyalli, ya ɗauki hoto, da hoton nan zai sayar da buhu hamsin. Masu sayen ma ba su fi su ba. An rubuta farashi ƙuru-ƙuru, sai sun tambaya nawa ne, a amsa su ɓace. Suna son mafi girma, suna son mafi araha, kuma sun san sarai ba a samun biyun a buhu ɗaya. Su dai a yi musu ƙarya mai kyan gani.

Da Kubura ta ga ciniki na guje wa mahaifinta, sai ta zo wata Asabar ta ɗauke shi bidiyo. Ya tsaya da hularsa da furfurarsa, ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya zazzage buhu kamar yadda ya saba. Abin da aka rubuto a ƙasa shi ne, "Akwai ƙanana a ciki." To a gonar wa albasa take fitowa kai ɗaya? Wani ma cewa ya yi a turo masa hoton sama kawai, shi zai nuna wa maigidansa.

Masu saye ba su ga amfanin bidiyon ba, amma wani ɓarawo ya gani. Ya kwafe shi, ya manna lambar wayarsa, ya sa wa kansa suna Alhaji Ladan, ya karya farashi. Ba mu sani ba sai wata ranar kasuwa da hantsi, da Hajiya Mairo mai gidan abinci a tashar Jega ta sauko daga mota da buhun da ta saya ta lambar ɓarawon. Ta sa aka farke shi a gaban rumfar Ladan. Warin da ya tashi sai da na toshe hanci. Ƙasan fuskar duk ruɓaɓɓu ne, har ruwa suke yi.

Ta miƙa masa waya ta ce, "Baba, kai na cikin bidiyon ga ko ba kai na ba?"

Ladan ya duba ya ce, "Ni na, Hajiya. Amma lambag ga ba tawa ta ba. Dubi buhun, ina sunana?"

Na juya buhun, babu suna, ɗinkin ma ba nawa ba ne. Aka kira lambar, a kashe. Mairo ta yi tsuru-tsuru, don tun kafin ta baro Jega ta riga ta tura muryarta cikin zaure bakwai, haɗe da fuskar Ladan, tana cewa ga tsohon banzan Aliero da ke cutar mutane.

Ladan bai ɗaga murya ba. Ya zazzage mata buhu nasa, ta duba, ya ce ta tafi da shi kada abokan cinikinta su rasa miya. Sannan ya ce, "Abu guda ni ka roƙo, Hajiya. Ki koma inda kinka hwaɗi, ki ce ba ni na ba."

"In sha Allahu yau ɗin ga, Baba," in ji ta.

Har yau ba ta yi ba. Maganar da ba ta kai rabin minti ba. Da Kubura ta same ta a Jega, sai ta ce in ta janye za a ce ita ce sakarya, kuma ai magana ta wuce. A wurinta ne ta wuce. Muryar nan ta zaga har Ibadan. Direbobin da ke zuwa neman na Ladan suka ɗauke ƙafa. Wata rana bayan la'asar, a ƙofar masallaci, wani da suka yi shekara ashirin suna gaisawa ya ce masa, "Ladan, ashe kai ma?" Ina kusa. Na ga yadda Ladan ya kasa sa ƙafa cikin takalminsa. Ga damina ta matso, albasar da ya adana ta fara tsiro.

Asabar ta gaba Kubura ta zo da waya. Ladan ya ce mata, "Ɗiyata, ɗauki hannuwa da albasa kaɗai. Kak ki sa huskata, kak ki sa suna." Ta ɗauka tana share hawaye, ta tura da sabuwar lamba.

Kafin mako ya zagayo, oda ta fara shigowa. Buhun shi ne dai, da ƙananan da komai. Amma yanzu kowa ya ji tsoro, kowa na neman mai gaskiya, kuma waɗanda suka fi zagin Ladan su ne a gaba. Har da Hajiya Mairo. Kubura ta kunna mana muryarta tana cewa a ba ta buhu biyu, wannan bawan Allah da gani mai amana ne, ba irin tsohon nan na Aliero ba. Ni da na ji, tofar da yawu na yi. Na ce a kira ta a gaya mata ko hannun wa take yabo. Ladan ya ce a bari.

Ya zazzage buhunanta biyu a kan tabarma, babu mai kallo sai ni. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsinci guda uku da suka fara laushi ya jefar gefe, ya musanya. Na cika, na ɗinke, na jawo gwangwanin fenti kamar yadda na saba yi masa shekara talatin. Sai ya riƙe mini hannu.

"Bar shi hakanan, Bala," in ji shi. "In ta ga sunan, ba ta amsar buhun."