Murar Yaya Ilu

Yayana Ilu shi ne ladanin ƙaramin masallacinmu a unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Douala, kuma shekara talatin da biyu ya yi yana shan sigari. Ni ce ƙanwarsa Zulfa, mai sayar da makala, wato fanke, da wake a bakin layi. Tsakanin kaskon suyata da ƙofar masallacin bai fi taku ashirin ba, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

A tashar jirgin ruwa ya koyo shan sigarin yana ɗan shekara sha tara, lokacin yana dakon buhunan shinkafa. Da bayansa ya gaji sai ya kafa tebur a kasuwar Marché Central yana sayar da turare da carbi da huluna. Ladanci kuwa gado ne. Babanmu ya riƙe shi tun kafin a sa lasifika, da Allah ya yi masa rasuwa Yaya ya karɓa. Mutum ne mai sanyi, ko kwalbar turarensa ka fasa sai ya ce ba kome, amma kada ka taɓa masa kiran salla. Allah ya ba shi murya mai kauri mai tafiya. Har maƙwabtanmu Kiristoci na bayan layi da ita suke sanin lokacin ɗora tukunya.

A daminar 2021 abin ya fito fili. Yana tsakiyar kiran la'asar tari ya sarƙe shi, makirufo a buɗe. Ba tarin gyaran murya ba, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji ya ƙi ƙarewa. Unguwa duka ta saurara. Ni da ke riƙe da matsami sai na sunkuyar da kai kamar ni na yi. Da kyar ya ƙarasa.

Bayan salla Liman Jalaluddeen ya kira shi gefe. Liman dattijo ne mai kawaici, ko sunan sigari bai ambata ba. Ya ce masa dai ya san abin da ke cin ƙirjinsa, kuma dattawan masallaci sun fara magana. Ga Zaharaddeen, mai shagon fotokofi a jikin masallaci, yana da murya, yana kusa. In abin bai gyaru ba, shi za a ba kiran.

Ranar Yaya ya jefa kwalinsa a kwata, ya rantse ya bari. Ya cika aljihu da namijin goro da citta, asuwaki ba ya barin bakinsa. Matarsa Rakiyatu ta sha faɗa a makonnin nan, wai gishiri ya yi yawa, wai ta ajiye buta a karkace. Ta haƙura, ta ce in dai faɗan ne kuɗin magani, za ta biya. Mako uku ya yi. Sai aka yi ruwan nan na Douala da ba ya sallama, ya shiga rumfarsa ya jiƙa huluna. Yana tsaye yana kallon ɓarna maƙwabcinsa ya miƙa masa kara ɗaya, shi kuma ya karɓa.

Kara ɗaya ba ita ce ta kayar da shi ba, tunaninsa ne. Wai tunda ya karya rantsuwa, shi ke nan, ya riga ya lalace, sai ya sayi kwali. Da ya sha kuma kunya ta rufe shi, ya ce ba zai tsaya gaban makirufo ya kira sunan Allah da wannan bakin ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi bai damu ba! Amma yanzu da ya yi wa Liman alkawari sai abin ya yi masa nauyi. Ya aika a ce mura ta kama shi, Zaharaddeen ya riƙe masa. Murar nan wata biyu ta yi.

Ya sake bari, ya dawo, muka yi murna. Wata huɗu ya yi lafiya, sai gasar ƙwallo ta zo, ya bi abokai filin wasa na Japoma, a hanyar dawowa ya zame. Mura ta dawo. Karo na uku bayan azumi ne, ko dalili ban sani ba. Kuma ku ji irin dabarar Yaya: sai ya hau bensikin, wato babur ɗin haya, ya haye gada har kasuwar Grand Hangar don ya sayi sigari inda ba a san shi ba. Ya sha a can, ya zazzaga turaren sayarwarsa a riga, ya dawo yana ƙamshi kamar ango. Salla kuma sai ya tafi wani masallacin can nesa. A ransa ba wanda ya gane.

Ni kuwa a bakin kasko nake jin kome. Da zarar muryar Zaharaddeen ta fito daga lasifika sai matan da ke jiran wake su kalli juna. Wata ta ce Ladan ya koma, wata ta ce Allah ya shirya, su juyo su ga ni ce, su yi shiru. Na haɗiye, na haɗiye. A karo na huɗu sai ga shi ya zo shan kunu da rana tsaka, ya naɗe wuyansa da mayafi cikin zafin Douala, yana ɗan tari na ƙarya don masu wucewa. Nan haƙurina ya ƙare, ni dama bakina ba ya jiran shawara.

Na ce, "Yaya, cire mayafin nan. Ba wanda bai sani ba. Ranar da duk aka ji Zaharaddeen, unguwa ta san ka koma. Kai da kanka kake sa a yi shelar sau biyar a rana."

Ya ajiye kofin. Fuskarsa ta yi wani iri, har na so in janye maganata. Can ya tambaye ni a hankali ko har da Liman. Na ce Liman ya fi kowa sani. Ya tashi bai ƙarasa kunun ba, kwana tara bai yi mini magana ba. Na yi kuka a ɗaki, don yayana ne, shi ya goya ni, kuma na san na yi masa tsirara.

A rana ta goma ya dawo, ba mayafi. Ya ce ya je asibiti, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce ya gaji amma bai lalace ba, in ya bar shi zai huta. Ya ce kuma ya lura sha'awar nan ba ta daɗewa, in ta taso sai ta matsa masa na ɗan lokaci ta sake shi, matsalar dai hannunsa ne da ba ya samun abin yi. Na ce in aiki yake nema ga shi nan. Na miƙa masa faifai da wake. Tun daga ranar, in ta taso masa a kasuwa sai ya bar wa maƙwabci tebur, ya zo ya zauna a bencina yana tsince tsakuwa. Babban mutum da furfura! Masu wucewa suka yi ta tsokanarsa, wai Zulfa ta samu ɗan aiki. Ya ce su yi ta yi. Kafin faifai ya ƙare sai ka ga kafaɗunsa sun sauka, ya wanke hannu ya koma.

Ya koma kan kiransa, amma dattawa sun gaji. Suka ce in ya ƙara ɓacewa ko sau ɗaya, kiran ya zama na Zaharaddeen har abada. Liman ne ya isar masa da saƙon, ya amsa da to.

Wata takwas ya yi bai taɓa ba. Muryar ta buɗe, Rakiyatu ta ce yanzu tana jin ƙamshin turaren ba tare da wancan warin a ƙarƙashi ba. Sai abokinsa Hammadu, wanda suka yi dako tare tun suna samari, ya rasu da ciwon ƙirji. Yaya ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Washegari da rana ya zo ya tsaya a kaina, idonsa ja.

Ya ce, "Na sha, Zulfa. Kara biyu, jiya bayan mun dawo. Sauran na zubar."

Na ce to yanzu fa? Ya ciro makullin akwatin da ake ajiye makirufo, ya ce ba zai ƙara ƙaryar mura ba, zai kai wa Liman da hannunsa ya faɗi gaskiya, a ba mai shi. Na bar makala a cikin mai na bi bayansa. Na tsaya a bakin taga inda nake jin su. Azahar ta kusa, Zaharaddeen ya riga ya yi alwala yana zaune a gefe.

Yaya ya durƙusa ya faɗi kome, bai rage ba. Ya ajiye makullin a kan tabarma. Liman ya tambaye shi karo na nawa ke nan. Ya ce na biyar.

"Na farko kwana nawa ka yi ba mu gan ka ba?"

"Wata biyu, Allah gafarta Malam."

"Wannan fa?"

"Jiya ne."

Liman ya ce, "Dattawa cewa suka yi in ka ɓace. Ni kuwa ga ka a gabana. Malam Ilu, lokaci ya yi, mutane na jira."

Zaharaddeen ne ya taso, ya ɗauki makullin ya buɗe akwatin, ya miƙa masa makirufo da hannu biyu.

Da kabbarar farko ta fito, da ɗan rawa a cikinta, sai na bar bakin taga. Na zauna a dandamalin masallaci, ni da shekara arba'in da bakwai, ina kuka ina dariya, nauyin shekara uku ya sauka daga ƙirjina. Wata maƙwabciya na ta kirana wai makalata ta ƙone, na ce ta bar ta. Ina nan zaune ina saurare har ya kai kiran ƙarshe, bai tsaya ko sau ɗaya ba.