Ƙahon Surajo Ya Koma Ruga

Surajo bai taɓa harba bindiga ba. Abin da ya gada daga mahaifinsa, a wani ƙauye da ke bakin dajin Falgore a ƙasar Doguwa, ƙahon bijimi ne, wanda hannu ya goge har yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Da shi yake kiran gayya tun yana saurayi. In ya busa da sassafe, sai ka ga maza suna ɓullowa ta kowane lungu da garma a kafaɗa. Matarsa Humaira ma takan ce ita ƙahon ta aura, Surajo rakiya ya yi.

Da rigima ta ɓarke tsakanin manoma da makiyaya kan ɓarnar gona, samari suka kafa ƙungiyar sa-kai, kowa da bindigar toka. Gayya ta mutu, ƙaho ya koma kiran faɗa. Damina uku Surajo yana busawa, ransa ba daɗi.

Ranar sulhu aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci. Sharaɗin shi ne kowane ɓangare ya ajiye makamansa. Aka tara bindigogi, aka tara kwari da baka. Ana shirin shafa fatiha sai Arɗo Mas'udu, shugaban makiyayan, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, saura ɗaya. Wancan na wuyan Malam Surajo."

"Haba Arɗo!" in ji Surajo. "Wa ƙaho ya taɓa kashewa?"

"To bindigogin nan da ƙafarsu suke fitowa? Kai kake tashinsu. Shanuna in suka ji ka, ranar ko nono ba sa bayarwa."

Aka yi dariya, amma Arɗo bai janye ba. Dagaci ya miƙo hannu. Surajo ya ciro ƙahon, ya kasa sakinsa.

Can ya ce, "Arɗo, me ke shigo da shanunku gonakinmu tun ba a kwashe dawa ba?"

"Wa ke gaya mana an gama kwashewa?"

"Ni zan gaya muku. Da wannan."

Arɗo ya shafa gemu. "Na yarda. Amma a rugata ƙahon zai zauna, don ban yarda da bakinka ba."

Haka aka yi. Yau shekara shida ke nan, duk ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu, Surajo yakan ɗauki sandarsa ya nufi ruga. Sai ya sha ƙwaryar fura da nono tukuna, sannan ya hau kan suri ya busa. Shanu su kwararo cikin karan dawa kamar ruwan farko, su ci, su bar taki.

In ka je gidansa a ranar ka tambaye shi, Humaira za ta ce maka daga bayan danga, "Ya tafi gaida mijina."